Tiya da Wutsiya

Shekara talatin da ɗaya ina awo a kasuwar Sabon Gari,
hannuna ya san nauyin gero tun bai taɓa bakin tiya ba.
Sai ga ni da furfurata, bayan isha'i,
a kan bencin yara a Tudun Wada,
gwiwoyina sun tokare teburi,
ina koyon Turanci don takardun da kamfanin taki ke aiko mini.

Malam Tanimu ya tsaga allo gida biyu da alli.
Ya ce dama na abin da ke ƙirguwa ne,
hagu na wanda ya ƙi.
Ƙwai, kujera, akuya, buhu,
in sun wuce ɗaya sai a liƙa musu wutsiya,
harafin nan mai lanƙwasa kamar tsutsar masara.
Amma shinkafa, ruwa, gishiri da gari,
ko sun cika tirela,
haka za su tafi ba wutsiya.

Na ɗaga hannu.
Na ce, Malam, ni fa na taɓa ƙirga shinkafa,
shekarar da buhuna ya fashe a bakin layin dogo,
durƙushe na tsince ta ɗaya bayan ɗaya.
Aji ya kwashe da dariya,
har Gambo mai faci da ke gyangyaɗi ya farka.
Malam ya ce, Baba Ɗantani, ƙwarar ka ƙirga,
shinkafar tana nan ba a taɓa ta ba.

Na haɗiye wannan.
Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne kuɗi.
Wai kuɗi ba ya ƙirguwa!
To me nake yi kullum da magariba,
ina lasar yatsa, ina miƙar da tsofaffin takardu a cinyata?
Ya ce naira ce nake ƙirgawa.
Na ce a raina, wanda ya kafa dokar nan
bai taɓa bin kowa bashi ba.

Shawara ma haka, labari ma haka, kaya ma haka.
Mu da ke da shawarwari, da labarai, da kayayyaki,
muna tara su kamar dami a rumbu,
na jera musu wutsiyoyi a littafina,
jan biro ya bi su ya datse ɗaya-ɗaya
kamar mahauci da safiyar Juma'a.

Sai a mako na uku abin ya faɗo mini.
Malam ya rubuta: kofin ruwa, buhun shinkafa, yankin burodi,
har da guntun shawara,
kamar tsoka a kan tiren mai tsire.
Na buga teburi.
Ashe Bature ma ɗan awo ne!
Abin da ya gagari yatsa, sai ya nemo masa mazubi,
ya ƙirga mazubin, ya bar abin da ke ciki.
Malam, ai da tun farko ka ce tiya,
da ba mu ɓata alli ba.

A hanyar gida, kan kekena, ta Ƙofar Doka,
na riƙa rarraba duniya.
Fitilu dama, haske hagu.
Kwabbai dama, arziki hagu.
Sunaye goma sha tara a littafin bashina, dama,
haƙurin da nake yi da su, hagu.

Da safe Lantana ta zo da kwanonta,
rabin tiya, sai ƙarshen wata.
Na auna, na share baki,
sannan hannuna ya koma buhu da kansa
ya ɗebo gyara ya zuba mata.
Na tsaya ina kallon tafina da ƙurar gero.
Yau da dare zan tambayi Malam Tanimu
wane gefen allo zai sa wannan.